Maganin sakin jijiya: kwanakin da likita ya rubuta sun ƙare, in ƙara saye ko in dakata?

Tela_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Ina da tambaya, masu sani a cikinmu su taimaka mini don Allah. Ɗinki nake yi a babbar kasuwar Garwa, kun kuwa san yadda aikinmu yake in Sallah ta matso, a wuni a kan keke a kwana a kai. Makon jiya na sunkuya zan ɗaga dilar yadi sai baya ya riƙe, daga ƙugu har ƙasa, ko ruku'u ban iya yi. Na je asibiti, likita ya duba ni ya ce tsoka ce ta ɗaure, ƙashi lafiya lau. Ya rubuta mini maganin sakin jijiya mai suna Coltramyl na kwana biyar, da Doliprane na rage ciwo. Alhamdu lillahi na samu sauƙi sosai, amma da saura, musamman in zan tashi sahur. Kwanakin sun cika jiya. To zan iya komawa farmasi da wannan ordonas ɗin, wato takardar maganin da likita ya rubuta, in ƙara kwali ɗaya, in ci gaba har ciwon ya tafi gaba ɗaya? Sannan mai ɗakina ta tashi yau wuyanta a sanƙare, ba ta iya waiwaye, kuma akwai ragowar ƙwaya a katin. In ba ta? Tana da goyo ɗan wata huɗu.

Kilando_Marwa:
Wa alaikumus salam. Sannu da jiki Malam Tela. Ka saya kawai, ai ba maganin maye ba ne. Mu masu babur kusan kullum bayanmu a riƙe yake saboda ramukan hanya, ni in na ji ya tasar mini sai in sha, ban taɓa ganin wani abu ba. Ita ma madam ka ba ta ɗaya, kafin gobe wuyan zai sake.

Hajiya_Kusiri:
A'a, a'a. Don Allah Malam Tela kada ka ba mai goyo. Ni ba likita ba ce, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, duk abin da mai shayarwa ta haɗiya sai an tambaya tukuna ko yana bin nono. Ka jira masu sani su shigo.

MaiFarmasi_Ngaundare:
Hajiya ta yi gaskiya, Allah ya saka mata. Malam Tela, in fara da ta biyun don ita ce ta gaggawa: kada uwargida ta sha ko ɗaya. Sinadarin da ke cikin Coltramyl sunansa thiocolchicoside, shi ne kuma a cikin Miorel da wasu da yawa masu sunaye daban, don haka a riƙa duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. An hana shi ga mai shayarwa, an hana shi ga mai juna biyu, an hana shi har ga macen da za ta iya ɗaukar ciki in ba ta kan tsarin tazarar haihuwa. Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Dalili kuwa shi ne, a 2013 hukumar kula da magunguna ta Turai ta sake duba maganin, ta ga cewa idan ya shiga jiki yana rikiɗa zuwa wani sinadari da ke iya kawo tangarɗa lokacin da ƙwayoyin halitta ke rabuwa, sabuwar ƙwayar ta fito da kayan gadonta ba daidai ba, ko sun yi yawa ko sun gaza. Wanda wannan ya fi yi wa barazana shi ne ɗan tayi, don shi kullum ƙwayoyinsa rabuwa suke. An kuma ambaci ƙarfin haihuwar namiji. Shi ya sa aka yanka masa iyaka: na haɗiya kada ya wuce miligiram 8 duk bayan awa 12, wato 16 a yini, kuma kada ya wuce kwana 7 a jere. Na allura miligiram 4 duk awa 12, kwana 5 ƙarshe.

Ka ga amsar tambayarka ta fari ta fito daga nan. Likita ya ba ka kwana biyar, ka cinye su. In ka ƙara kwali za ka tsallake bakwai ɗin. Ba maganin da ake sha har sai ciwo ya ɓace ba ne, aikinsa ya sassauta tsokar a kwanakin farko don ka iya motsi. Sauran aikin motsin ne zai yi shi.

Tela_Garwa:
Subhanallahi. Har na ɓallo ƙwayar zan ba ta bayan isha'i. Na gode ƙwarai Yaya. To me za ta sha? Wuyan na damunta sosai.

MaiFarmasi_Ngaundare:
Paracetamol, wato Doliprane ɗin nan ko Efferalgan, mai shayarwa tana iya sha. Ta tsoma tsumma a ruwan ɗumi ta riƙa gasa wurin, ta kuma riƙa juya wuyan a hankali iyakar inda za ta iya. Amma ka amsa mini wannan tukuna: jikinta da zafi? Kanta na ciwo? Ta yi amai?

Infirmiya_Yagwa:
Tambayar da na shigo in yi ke nan. Jama'a, muna cikin watannin zafi da ƙura, lokacin sanƙarau ke nan a ƙasarmu, daga nan har Chadi. Wuyan da ya sanƙare saboda kwanciya a karkace daban yake: mutum yana cin abincinsa, yana hira, juyawa gefe ɗaya ne kawai ke masa wuya. Amma in akwai zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, amai, ido ba ya son haske, ko mutum ya kasa sunkuyar da haɓarsa ta taɓa ƙirji, ko ya fara rikicewa, wannan ba zancen tsoka ba ne, a ɗauke shi zuwa asibiti a daren. Rigakafin da aka fara yi mana a 2011 ya rage nau'i ɗaya ne na cutar, sauran nau'o'in suna nan. Haka wanda ya taka ƙusa ko ya yanke da ƙarfe, bayan 'yan kwanaki muƙamuƙinsa ya fara ƙin buɗewa, bayansa ya ƙage, wannan sarƙewar haƙora ce. Na sha ganin an zauna a gida ana ba irin waɗannan marasa lafiya ƙwayar sakin jijiya, sai an makara a kawo su.

Tela_Garwa:
Babu zazzaɓi, babu ciwon kai, ta sha ruwa da mu lafiya. Ta ce a zaune ta yi barci tana ba yaro nono. Zan sa ido dai. Allah ya biya ku.

Baba_Alhaji_Gidar:
Ku yaran yanzu komai ƙwaya. A zamaninmu in baya ya riƙe wanzami ake kira ya kafa ƙaho, a shafa man shanu da ɗumi a murza, mutum ya tashi. Kuma yawancin ciwon bayan nan basir ne da sanyi, in ba a yi maganinsu ba ko buhun ƙwaya ka sha zai dawo.

DalibinLikita_237:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tausa da ɗumi kam ba wanda zai musa maka, ko a asibiti ana cewa a yi. Ƙaho ma mutane da yawa suna cewa suna jin sauƙi, sharaɗi dai aska ta zama sabuwa, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a arewacin nan kuma ta jini yake bi. Inda zan roƙi Baba ya yi mini uzuri shi ne zancen basir. Wanda ya sunkuya ya ɗaga kaya baya ya riƙe nan take, tsoka ce da jijiyoyin da ke riƙe ƙashin baya suka ji jiki. Irin wannan yawanci yana warkewa da kansa cikin mako huɗu zuwa shida, kuma mafi yawan sauƙin a makonnin farko ake samunsa. Abin da ke jinkirta shi shi ne kwanciya. A da likitoci ma cewa suke a kwanta, yanzu an gane wanda ya ci gaba da 'yan zirga-zirgarsa ya fi saurin miƙewa.

Malam Tela, saurar da kake ji da asuba ba alamar magani ya gaza ba ce. Haka abin yake tafiya.

Baba_Alhaji_Gidar:
To ɗana, na ji. Amma ni dai ƙaho ya yi mini, ba zan ce bai yi ba.

Kilando_Marwa:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. In da haɗarin ya kai haka me ya sa ake sayar da shi ko'ina? A kasuwa ma akwai shi a tebur, ba mai tambayarka wata takarda. Kuma mu da ba mu da albashi, in ba ka hau babur ba yau gidanka ba a ɗora tukunya. Kuɗin ganin likita kaɗai ya isa cefanen yini.

DirebanTirela_N1:
Ɗan'uwa Kilando, maganarka ta kuɗi gaskiya ce, ba mai ƙaryata ka. Amma bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Kusiri, wani lokaci in tsallaka gadar Ngeli in shiga Njamena. Akwai yaron motar wani abokina, ƙaramin yaro mai ƙoƙari, ya sauke buhuna kafaɗarsa ta riƙe. Wani mai tebur a tasha ya haɗa masa ƙwayoyi a leda, babu kwali babu suna, ya ce na sakin jiki ne. Ashe yaron dama yana shan tramol don ƙarfin aiki, ba wanda ya sani. Ya watsa su gaba ɗaya da shayi. Suna gangaren dutsen nan na bayan Ngaundare in ka nufi Garwa, direban ya ga yaron ya yi laƙwas, yana wani irin minshari, leɓensa ya canza. Allah ya sa akwai asibiti kusa, aka ceto shi. Tun daga ranar ba na barin yaran motata su karɓi ƙwayar leda.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro a sana'armu shi ne barci. Wasu daga cikin magungunan nan suna sa ido ya yi nauyi ba ka sani ba. Kai kana kan babur da fasinja, ni ina jan tan talatin.

MaiFarmasi_Ngaundare:
Direba ya taɓo inda ya fi muhimmanci. Maganin sakin jijiya ba abu ɗaya ba ne, gida ne mai 'ya'ya da yawa, kuma yawancinsu ba a kan tsokar suke aiki ba, a ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya suke rage saƙon da ke sa tsoka ta ɗaure. Shi ya sa suke zuwa da jiri da nauyin ido. Idan aka ɗora su a kan tramol, ko Valium, ko maganin tari mai kodin, ko giya, ko bilbil ce ko arki, sai su haɗu su danne numfashi. Abin da ya samu yaron nan ke nan. Tramol kuma yana iya tayar da farfaɗiya, shi ma thiocolchicoside an yi gargaɗi a kansa ga mai farfaɗiya, to ka ga haɗa su ba dabara ba ce.

Kwalayen da ke zuwa daga Faransa ku duba bayansu, za ku ga alamar mota a cikin kusurwa uku. Rawaya na nufin a kula, ruwan lemo na nufin kada a tuƙa sai an tambayi likita ko mai farmasi, ja na nufin kada a tuƙa sam.

Kilando, game da me ya sa ake sayarwa: kasancewar abu a tebur ba shaida ba ce. Ga misali daga cikin magungunan sakin jijiya: Myolastan an dakatar da shi a Turai tun 2013 saboda yana sa wa wasu mummunan ciwon fata, fatar ta yi ta saɓulewa kamar ƙuna. Décontractyl an janye shi a Faransa a 2019. Carisoprodol hukumar Turai ta ce a daina shi tun 2007 saboda yana kama mutum ya kasa bari, amma sai ga shi ana haɗa shi da wani ɗan'uwan tramol mai suna tapentadol ana turowa Afirka ta Yamma, sai a 2025 Indiya ta hana yin haɗin da fitar da shi. Mai tebur bai san wannan tarihin ba, shi abin da aka kawo masa yake sayarwa, ga rana tana dukan kayan wuni guda a zafin da ya haura digiri 40.

Kilando_Marwa:
Ni ba na shan tramol, Allah ya sani. Amma zancen barcin nan gaskiya ne, akwai wani ja da fari da ake kawowa daga Mubi, in na sha sai in ji kaina ya yi dum.

DalibinLikita_237:
Yaya Kilando, in ka samu katin ka karanta mana abin da aka rubuta. Da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa ta Mubi da Banki haɗi uku ne a ƙwaya ɗaya: diclofenac, paracetamol da chlorzoxazone. Matsalar ita ce mutum ya sha wannan, ya ƙara Doliprane, ya ƙara wani na mura wanda shi ma da paracetamol a ciki, bai san abu ɗaya yake ninkawa ba. Babba mai lafiya ba ya wuce giram 4 na paracetamol a yini, mai ciwon hanta ko ƙaramin jiki ƙasa da haka. Shi chlorzoxazone ɗin ma yana iya taɓa hanta. In ido ya yi rawaya, ko abinci ya fita rai da tashin zuciya, a tsaya a je a auna.

Diclofenac kuma cikin azumin nan a yi hattara da shi. Ciki babu komai, jiki babu ruwa, mutum ya wuni a rana: gyambon ciki da ƙoda ke nan. In likita ya rubuta, a sha shi bayan an ci abinci sosai, a kuma sha ruwa da yawa tsakanin magariba da sahur.

Inna_Pitowa:
Salamu alaikum. Tunda ga masana sun taru bari ni ma in sako tawa. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, hannunta da ƙafarta suka ƙage, likita ya ɗora ta a kan Lioresal, tana sha kullum watanni ke nan. Yanzu na karanta kuna cewa kwana bakwai, hankalina ya tashi. In tsayar mata da shi?

MaiFarmasi_Ngaundare:
Inna, kada ki tsayar! Don Allah kada ki tsayar. Wannan wani magani ne daban, baclofen, kuma hukuncinsa kishiyar wancan ne. An yi shi ne don irin ƙagewar da ke biyo bayan shanyewar jiki ko raunin laka, ana shan sa tsawon lokaci. Haɗarinsa yana wajen yanke shi farat ɗaya: ƙagewar ta dawo fiye da da, mutum ya rikice, ya riƙa ganin abin da babu, har farfaɗiya. In za a daina, likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan cikin makonni. Abin da zan ce ki kula da shi: kada ki bari ya ƙare kafin ki nemo wani, tunda ba kowace farmasi ke ajiye shi ba, in saura na mako ɗaya ki fara nema a Garwa. Sannan ta ƙoda yake fita, in ƙodar Mama ta yi rauni yana taruwa a jiki. In kin ga barcinta ya yi yawa ko ana tashinta da ƙyar, ki kai ta. A kuma riƙa riƙe ta in za ta banɗaki da dare, tsofaffi faɗuwa ce babban abin tsoro gare su da irin waɗannan magunguna.

Inna_Pitowa:
Alhamdu lillahi da na tambaya. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifa.

Malam_Habu_Mora:
Tambaya a gefe: allurar da ake yi a ɗuwawu don ciwon baya tana karya azumi?

Hajiya_Kusiri:
Malam Habu wannan ka kai wa malamai a masallaci, kada mu yi fatawa a nan. Ko kuma ka bari sai an sha ruwa a yi maka, ka huta da shakka.

Infirmiya_Yagwa:
Ni kuma tambayar da zan yi wa Malam Habu ita ce wa zai yi allurar. Mutanenmu sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, sai a kira wani a unguwa ya zo gida ya caka. A ɗuwawu akwai babbar jijiyar da ke sauka har tafin ƙafa. Wanda bai san wurin ba in ya same ta, ƙafa tana iya mutuwa, mutum ya koma jan ta har ƙarshen rayuwa. Ga ƙurji in allurar ba ta da tsabta. Wanda yake iya haɗiya, ƙwayar ta wadatar masa.

Ustaz_Njamena:
Ina bin muhawarar tun farko. Ni malamin makaranta ne, ina karanta mujallun lafiya na Faransanci don sha'awa, kuma ina so in kawo wani gefen da ba a taɓa ba. Kowa yana magana a kan yadda za a sha lafiya, amma shin yana ma aiki? Mujallar Prescrire, wadda likitoci da masu farmasi ke fitarwa a Faransa ba tare da tallan kamfanoni ba, ta daɗe tana sa thiocolchicoside da methocarbamol, wato Lumirelax, a jerin magungunan da ta ce a guje musu, don a ganinta amfaninsu bai taka kara ya karya ba idan aka auna da illarsu. To me ya sa likitocinmu ke rubuta shi kusan ga duk mai ciwon baya?

DalibinLikita_237:
Ustaz, abin da ka faɗa haka yake, kuma ko a tsakanin malamanmu akwai saɓani. Wasu ba sa rubuta shi sam, paracetamol ko ibuprofen da motsa jiki kawai. Wasu suna ganin in tsoka ta ɗaure tamau har mutum ba ya iya juyi a gado, 'yan kwanaki kaɗan suna taimakawa. Hukumar Turai ita ma ba ta soke shi ba, ta ce a yi amfani da shi a matsayin ƙari kan sauran magani, na gajeren lokaci, kuma ga ɗaurewar tsokar da ta shafi ƙashin baya kaɗai. Inda duk suka haɗu shi ne ba na ciwon da ya daɗe ba ne. Wanda bayansa ke ciwo wata da watanni ba shi da abin da zai samu a ciki.

Ustaz_Njamena:
To ai a nan gizo ke saƙar. Yawancin masu sayensa a nan masu tsohon ciwo ne, mata masu daka da ɗiban ruwa, da masu dako a kasuwa. Ni ina ganin laifin ba na marasa lafiya ba ne kaɗai. Likita yana da layin mutum hamsin a ƙofa, ba shi da minti biyar da zai yi bayanin da aka yi mana a nan.

MaiFarmasi_Ngaundare:
Ban musa ba Ustaz, mu ma masu farmasi da namu kason. Wanda ya miƙo tsohuwar ordonas ya kamata a duba kwanan wata, a tambaye shi, mace kuma a tambaye ta zancen ciki da goyo kafin a miƙa mata. Ba kullum ake yi ba.

Tela_Garwa:
'Yan uwa, na dawo in ba ku labari. Wuyan mai ɗakina ya sake da gashin ruwan ɗumi da Doliprane, yau har ta yi wanki. Ragowar ƙwayar na cire ta daga gidan. Ni kuma ban ƙara saye ba. Na sa ƙaramin matashi a bayan kujerar ɗinki, kuma duk in na gama riga ɗaya sai in tashi in taka zuwa bakin layi in dawo. Da saura kaɗan amma ina sallah a tsaye. Abin da nake son sani, yaushe ne ya kamata in koma asibiti in bai tafi ba?

DalibinLikita_237:
Madalla. In ya kai wata ɗaya zuwa mako shida bai tafi ba, ko yana ƙaruwa maimakon raguwa, ka koma. Amma akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ƙafa ta yi sanyi ta rasa ƙarfi, ko ka ji tsakanin cinyoyi da mazaunai sun mutu ba ka jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida su riƙa zubowa ba ka sani ba. Wannan jijiya ce aka danne, kuma awoyi ne ke raba warkewa da nakasa. Sai kuma ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, zufar dare da rama, wanda ba ya lafawa ko an kwanta. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, ba huhu kaɗai ba, kuma muna ganinsa a nan. Mai sikila ma in bayansa ya tashi kada a ce tsoka ce.

Mai_Albasa_Marwa:
Mu masu noman rani fa? Ni ba baya ba ne, ƙwauri ne ke murɗe mini da dare bayan na wuni ina ban ruwa a gonar albasa. Wani ya ce in nemi irin na Malam Tela.

Infirmiya_Yagwa:
A'a Malam, wannan murɗewar ba ta buƙatarsa. Zufa ce ka zubar wuni guda ga azumi, ga gajiyar tsoka. Ka sha ruwa sosai daga buɗa baki zuwa sahur, ba a tashi ɗaya ba, ka ci abinci mai ɗan gishiri, kunu da miya da 'ya'yan itace. In ta murɗe ka miƙe ƙafar ka jawo yatsun zuwa wajen gwiwa, za ta sake. In abin ya zama kullum, ko kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ka je a duba jininka.

Kilando_Marwa:
Na samo katin. An rubuta chlorzoxazone 250, diclofenac 50, paracetamol 325. Ɗalibi ka canka. To yanzu ni me zan yi? Bayan nan ba zai daina ba muddin ina kan babur, kuma babur ɗin ba zan bari ba.

DirebanTirela_N1:
Ka duba kujerarka da abin da ke shanye girgiza a ƙafar baya, in sun mutu bayanka ne ke karɓar kowane rami. Ni da na canza katifar kujerar mota rabin ciwona ya tafi.

MaiFarmasi_Ngaundare:
Kilando, ba zan ce maka ka bar sana'arka ba. Abin da zan roƙe ka shi ne ka daina shan wannan haɗin kullum, kuma ko kusa kada ka sha shi sannan ka ɗauki fasinja. Ka daure ka je asibitin gwamnati sau ɗaya a duba bayan da kyau, a auna maka hanta da ƙoda tunda ka daɗe kana sha. In kuɗin bai samu yanzu ba, ko bayan Sallah.

Kilando_Marwa:
Zan gani. Bayan Sallah in Allah ya hore.

Maman_Ikram_Njamena:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare, wata ƙawata ce ta turo mini wannan zancen. Jikina rawa yake. Makon da ya wuce na sha Miorel na kwana uku saboda ƙugu, maƙwabciyata ce ta ba ni nata. Jiya na yi gwaji na ga ina da ciki, bai fi wata ɗaya da rabi ba. Me zan yi?

Hajiya_Kusiri:
Ki kwantar da hankalinki 'yata, ki yi ta addu'a. Mai farmasi, Infirmiya, kuna kusa?

Infirmiya_Yagwa:
Ina nan. 'Yar'uwa, da farko kada ki ƙara ko ƙwaya ɗaya. Na biyu, hanin da aka yi na kariya ne, ba yana nufin duk wadda ta sha sai abu ya samu cikinta ba, don haka kada tsoro ya sa ki sha wani abu ko ki yanke wani hukunci ke kaɗai. Ki je awon ciki gobe, kada ki jira sai wata uku kamar yadda aka saba. Ki tafi da katin maganin, ki gaya wa likita ko ungozoma ranar da kika fara, ƙwaya nawa kika sha, da ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. Su ne za su tsara miki hoton ciki da lokacin da ya dace. Ki kuma tambaye su folik asid in ba ki fara ba. Ciwon ƙugun in ya dawo, paracetamol kaɗai, ban da diclofenac da ibuprofen sai da izininsu. In kin ga jini ko mara ta murɗa sosai, a daren za ki tafi.

Maman_Ikram_Njamena:
To Anti, na gode. Katin yana wurin maƙwabciyar, yanzu zan aika yaro ya karɓo. Da safe Baban Ikram zai kai ni.